Takalmin Ƙafar Hagu

Basilla ake ce masa, saboda tsawo da rashin jiki, da kuma saboda ba a cika ganin hannunsa babu basilla ba. Gyaran takalmi yake yi a gindin katangar wani tsohon sito, tsakanin shagon mai aski da rumfar mai gyaran rediyo. Kayan aikinsa duka akwati ɗaya ke ɗauke da su: guduma, wuƙa, magagari, ƙarfen da ake kifa takalmi a kai, ƙunshin zare, da gwangwanin gam. Ya san mutanen unguwa daga idon sawu zuwa ƙasa. Fuska takan ɓace masa, dunduniya ba ta ɓace masa. In ka yi masa sallama, ƙafarka yake fara amsa wa, sannan ya ɗago ya ga ko wane ne ya zo da ita.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar tun yana ɗan saurayi. Kawun nasa mutumin ɗinki ne, mai yatsu kamar saiwar itace, wanda ya koma ga Allah bai taɓa buɗe gwangwanin gam ba. Bayan rasuwarsa ne takalman roba suka cika gari, gam ya biyo su. Aikin da ake shafe rabin wuni ana hudawa ana ja, ya koma a shafa, a manna, a buga guduma. Basilla ya gode wa Allah, ya yi aure, ya kama ɗaki biyu a gidan haya.

Sai dai gam yana da sharaɗinsa. In ka shafa shi a fuska biyu, ba ka haɗa su nan take. Sai ka ajiye, ya sha iska, ya yi danƙo. A wannan ɗan jiran hannu ba shi da aiki, ido ba shi da aiki, gwangwani kuwa yana buɗe tsakanin gwiwoyi, hanci yana samansa kamar mai leƙen rijiya. Nan abin ya samo asali. Babu wanda ya koya masa. Daga baya matarsa ta bincika ko'ina tana neman mugun abokin da za ta tsine wa, ba ta samu ba, abin ya tsaya mata a rai.

Da farko ɗan sauƙi kawai yake ji. Hayaniyar titi ta ja da baya kamar an turo mata ƙofa. Ciwon baya ya tafi unguwa. Katangar da yake jingina da ita ta yi laushi kamar cinyar uwa. Sai jiran ya fara tsawo. Gam ya yi danƙo, ya bushe, ya mutu, Basilla yana nan yana jiransa. Da tafiya ta yi nisa, tsumma yake dangwalawa ya dunƙule a tafin hannu, ya riƙa kai shi hanci kamar mai mura. Shekaru suka wuce, mura ba ta warke ba. Unguwa ta sani, ta yi shiru. An ce sabo turken wawa, amma wanda ke ɗaure a turken yana gyara takalmi da sauƙi, don haka ba wanda ya matsa a kwance shi.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu. Shan inna ya taɓa ta tun tana goye, ya bar ƙafarta ta hagu ta gaza ta dama da faɗin yatsu huɗu. Tun ranar da ta dafa bango ta miƙe, ubanta ke yi mata takalmi, na hagun mai tudu, falle kan falle na roba har tsawon ya cika. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Unguwa kuwa Malama take ce mata, tun da ta fara koyarwa a makarantar firamare. A kan takalminsa ta je makaranta da jaka a baya, a kansa ta koma makaranta da alli a hannu. In tana tafiya ba ka ganin komai, sai in ka kasa kunne: taku ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai ɗan nauyi, kamar mai daka da taɓarya biyu ba kai ɗaya ba. Basilla yakan gane ta tun daga kwana.

Takalmin ƙarshe da ya yi mata, hankalinsa yana cikin gwangwani ya yi shi. Ya manta bai karce fallayen da magagari ba, ya bar gam ya mutu a kansu, sannan ya haɗa ya buga guduma, shi a ganinsa ya yi aiki. Takalmin ya riƙe amana na 'yan kwanaki. Rannan da tsakar rana, tana saukowa daga benen makaranta da littattafan yara a ƙirji, tudun ya zame daga ƙarƙashinta. Ta gangaro matakala a gaban ajinta duka, ta karye a tsintsiyar hannu. Yaran ne suka tsince mata fallayen, kowa ya kawo nasa.

Da aka ɗaure hannun, ta zo wurin aikinsa da leda. Ta rusuna ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta juye ledar a kan akwati. Fallayen suka zube kamar yankan burodi.

"Baba, ga kayanka."

Ya ɗauki falle ɗaya ya juya. Sumul yake, babu ko karce. Bai buƙaci a yi masa bayani ba.

"Zan sake miki wani, Uwata. Kafin jibi."

"A'a, ka huta. A asibiti akwai masu yin irinsa. Sun riga sun auna ni."

"Wa ya auna ki?"

"Wani mutum mai tef a wuya."

"Ya san da gefen waje kike takawa?"

"Bai sani ba," in ji ta. "Amma ya san ranar da muke ciki. Kuma da ya sunkuya kan ƙafata, sabulu na ji."

Ta yi masa sai an jima, ta tafi tana ɗingishi cikin silifas.

Takalmin asibiti ya iso, baƙi, mai nauyi, mai ƙara, amma ba ya rabuwa; mai tef ya san aikinsa. Kullum da safe takan bi ta gaban ubanta zuwa tashar mota, ta gaishe shi cikin ladabi, ƙafafunta nesa da hannunsa. Takalmin yana kuka a kowane taku, Basilla yana ji kamar sunansa ake kira a kotu. Ba ta zage shi ba, ba ta daina kawo masa abinci ba in uwarta ta aiko ta. Ƙafa kawai ta janye. Shi kuwa duk duniya abin da yake so ke nan: ta sake miƙo masa ƙafa ya auna.

Dabararsa ta farko rantsuwa ce. Da sassafe ya ɗaga gwangwani a gaban mai aski da mai gyaran rediyo, ya yi rantsuwa mai nauyi, ya wurga shi cikin kwata. Mai gyaran rediyo har ya rage muryar rediyo don girmamawa. Kafin inuwar katanga ta janye daga kansa, wata mata ta kawo takalmi da ya buɗe baki, tana sauri. Ya je kanti sayo wani. Ƙananan sun ƙare, babba ya samu.

Dabara ta biyu ta mai aski ce. Shi gajere ne mai tumbi, mai son a ba shi muƙami. Ya ce a kawo gwangwanin ya zauna a shagonsa, a saman kanta, bayan kwalaben man gashi. In aikin gam ya zo, Basilla ya nuna takalmi, shi kuma ya fito da gwangwani, ya tsaya a kansa har ya shafa, ya rufe ya mayar. Jiran kuwa a yi shi a tsaye a bakin titi, hannu a baya.

Tsarin ya yi aiki har ya fara ba mutane sha'awa. Matsalar ita ce takalman unguwa ba sa lalacewa yadda ya kamata. Wani wunin sau ɗaya ake buɗe gwangwani, wani wunin ko sau ɗaya. A nan ne wata annoba ta shiga gidan hayar su Basilla. Takalma suka fara buɗe baki. Na matarsa ya buɗe. Na maƙwabciyarsu ya buɗe. Mai gidan haya ya zo duba famfo, ya cire nasa a ƙofar ɗaki, kafin ya fito ya buɗe. Basilla yana kwashewa da safe cikin tausayi, yana cewa kyauta zai gyara, ai maƙwabtaka ta wuce haka.

Mai aski ya riƙe wani jan takalmin mata, ya daɗe yana kallo.

"Basilla, wannan na san shi."

"Irinsu da yawa a gari."

"Wannan ya fi ni zuwa aiki. Shekaranjiya ya zo, jiya ya zo."

"Kayan yanzu ba su da ƙwari."

"Haka ne," in ji mai aski. "Har da sawun wuƙa suke fitowa daga kamfani."

Amma ya kawo gwangwanin, don shi ajiya aka ba shi, ba shari'a ba.

Matarsa ce ta kashe annobar. Ta fito daga wanka da safe ta same shi tsugune a bayan ƙofa, takalminta na zuwa unguwa a hannunsa, bakin wuƙa a ƙarƙashin dunduniya.

"Malam, me ake yi?"

"Dubawa nake."

"Da wuƙa?"

"Zai buɗe ne, ko ba jima ko ba daɗe. Na ga alama."

"To bari ya buɗe da kansa, ba a yi wa mai lafiya tiyata."

Daga ranar takalman gidan suka koma kwana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Baƙo in ya zo takan ce masa, "Shigo da takalminka, a gidan nan ba a barin su su kaɗai." A makon kuma ta sa mijin gaba har asibitin unguwa, tana tafe a bayansa, don ba ta yarda zai isa ba.

Ma'aikaciyar jinyar da ta gan shi dattijuwa ce mai tabarau, Sista kowa ke ce mata. Ta duba idonsa, ta sa ya miƙa hannuwa ta ga yadda suke rawa, ta faɗa masa abin da gam ke yi wa ƙwaƙwalwa ba tare da ta yi wa maganar ado ba.

"Abu na farko, ka nisanci wurin da ake samunsa."

"Sista, ni ne wurin."

Ta cire tabarau ta sake kallonsa.

"To yaushe ka fi sonsa?"

Kowa "me ya sa" yake tambayarsa, shi kuma bai san me ya sa ba. Yaushe kuwa ya sani.

"In na shafa ina jira."

"To jiran ne ciwonka. Ni ban san gyaran takalmi ba, kai za ka nemo yadda za ka yi da shi. Ga maganin ciwon kai, don zai zo. Ranar Laraba da yamma kuma akwai masu zama a ɗakin can na baya. Ba wa'azi ake yi ba, zama ne."

Ya je. Ɗaki ne mai benci biyu da fankar da ba ta juyawa, da hoton huhu a bango. Akwai wata mai sayar da yadi da maganin tari ya riƙe, akwai tsohon akawu da kwalba ta raba shi da ofis, akwai direban babbar mota da ƙwaya ta taɓa kwantar da shi a rami, shi da motar da kayan mutane. Direban ya fi kowa surutu.

"Ni ban fi ƙarfin ƙwaya ba," in ji shi. "Har gobe in muka haɗu ita ce da nasara. Hanya na sauya. Titin da ya bi ta gaban mai sayar da ita na daina bi. Zagaye nake yi, mai kaya ya yi ta zagina a waya. Zagi ba ya kifar da mota."

Basilla ya dawo yana juya maganar. Tasa hanyar ta cikin gwangwani ta bi, daga safe har yamma. Sai da ya zauna a bencinsa washegari, ya ɗauki basilla zai soke wani maɗauri, sannan ya tuna akwai tsohuwar hanya, wadda kawunsa ya bi har ƙarshen ransa, ciyawa ce kawai ta rufe ta.

Ya ce wa mai aski ya ba da gwangwanin ga wanda ya ga dama, kada ya faɗa masa ko wane ne. Ya sayo kakin zuma da zare mai ƙwari, ya wasa basilla. Daga ranar sai ɗinki.

Masu kawo gyara ba su ji daɗi ba.

"Ɗan shafawa kawai za ka yi, Baba, mota nake jira."

"Ɗinki nake yi."

"Wannan roba ce, ba ta ɗinkuwa."

"In ban da ruwa, komai yana ɗinkuwa. Dawo da la'asar."

Da yawa suka ɗauki takalmansu suka tafi wurin wani mai gyara a bakin kasuwa. Tukunyar gida ta ji a jikinta. Matarsa ta ƙara wa miya ruwa.

Jikinsa ma bai ji daɗi ba. Kai ya yi ta sara kamar ana buga kwano a ciki. Hannu yana rawa, basilla tana kuskure fata tana samun babban yatsa, har yatsan ya koma rariya. Barci ya yi yaji. Ya yi faɗa da mai gyaran rediyo a kan rediyo, ya yi faɗa da mai aski a kan gashin da iska ke kawowa, ya yi faɗa da wata kyanwa ba a kan komai ba. Amma ɗinki yana da wata baiwa: ba ya barin gaɓa ko ɗaya ta yi zaman banza. Gwiwoyi suna matse takalmi, hannun dama yana huda, na hagu yana karɓar zare, haƙora suna riƙe ɗaya bakin. Sha'awar takan taso kamar hadari, ta yi duhu, ta yi rugugi, shi yana huda yana ja, yana huda yana ja, har ta gaji ta watse ba ta zubar ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne tana gajiya. Shekara da shekaru bai taɓa tsayawa ya gani ba.

Ba a ce bai yi tuntuɓe ba. Wani ma'aikacin banki ya kawo takalmin da aka manna masa da safen nan a bakin kasuwa, ya sake buɗewa. Ya ajiye ya shiga aski. Da ya fito sai ya tarar fuskar Basilla ta shige cikin takalmin har kunne.

"Lafiya, Baba?"

"Ɗinkin ciki nake dubawa," in ji murya daga cikin takalmi.

Wannan ƙarami ne. Babban daga tsallaken titi ya zo, inda wani mai facin taya ya kafa rumfa. Da sholisho yake aiki, ɗan'uwan gam uwa ɗaya uba ɗaya, kuma iska daga can take busowa. Basilla ya daure, ya daure, rannan ya ce bari ya je ya yi wa sabon maƙwabci barka da zuwa. Barka da zuwan ta kai la'asar. A 'yan makonnin nan Malama ta fara rage sauri in ta zo gabansa, har ta taɓa tsayawa ta kalli wani ɗinki ta ce ya yi kyau. Ran nan da ta sauko daga mota ta gan shi zaune a kan tsohuwar taya yana yi wa iska murmushi. Ta gaishe shi. Washegari ta bi ta ɗaya titin.

Ranar Laraba ya faɗa wa 'yan ɗakin baya, kansa a ƙasa. Ya ce komai ya rushe, sai a koma farko.

"Wane farko?" in ji direba. "Mota in ta mutu a hanya, tasha ake mayar da ita a sake tasowa? Daga inda ta tsaya ake turawa."

"Iska ce ke kawo min shi."

"To iska ba za ta sauya gida ba," in ji mai yadi. "Kai ne mai ƙafa."

Haka ya rabu da katangar da ya jingina da ita tun yana saurayi, wadda har ta ɗauki shatin bayansa, wuri ɗaya baƙi mai sheƙi a jikin siminti. Ya daɗe tsaye yana kallon shatin, kamar wanda zai bar ɗan'uwa a asibiti. Sannan ya ɗauki akwati ya zagaya bayan kasuwa, ya zauna kusa da injin niƙan barkono. Wurin babu mai so, shi ya sa babu mai shi. Daga safe zuwa yamma atishawa yake yi, ido yana ruwa, hanci yana zuba. Mai injin, wata ƙatuwar mata mai rufe fuska da mayafi, ta tambaye shi ko koro shi aka yi daga wani wuri.

"Hancina na kawo horo," ya ce, ya yi atishawa.

A can ya fara takalmin. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce za a saka. Awo ba shi da shi sai fallayen nan da ta juye masa, da abin da hannunsa ya haddace. Tudun yatsu huɗu ba ya huduwa gaba ɗaya, babu basillar da za ta ratsa shi. Sai ya riƙa ɗinka falle na biyu a jikin na farko, na uku a jikin na biyu, kowane ɗinki yana kwance cikin ɗan kwarin da ya yanka masa don kada ƙasa ta ci zaren. Na farkon da ya gama, da fata zalla, ya fito da nauyin bulo. Matarsa ta ɗaga, ta ce Allah ya sa albarka, ta tokare ƙofa da shi. Na biyu ya rarake cikinsa fiye da kima, ya lotsa. Na uku ya yi masa bango da fata, ciki da roba mara nauyi, ya bi kowane falle sau biyu. Damina ta shigo ta same shi yana yi, ta fita ta bar shi yana yi. A tsakani, takalman da ya ɗinka wa mutane suka ƙi dawowa, masu su suka fara dawowa da waɗansu. Har ma'aikacin bankin ya biyo shi bayan kasuwa da hankici a hanci.

Da ya gama ya naɗe shi cikin ƙyalle ya ajiye a akwati. Ya kasa kai mata. Matarsa ce ta gaji, ta ce wa 'yar, "Ubanki ya yi wani abu, kunya ta hana shi nunawa. Ki je ki gani, ko na huta da ajiyar zuciya."

Ta zo wata Asabar da hantsi. Ya ji kukan baƙin takalmin tun kafin ta ɓullo, duk da ƙarar inji. Mai aski yana biye da ita, wai hanya ce ta biyo da shi. Ta rusuna ta gaida ubanta, ta yi atishawa, ya yi atishawa, mai aski ya yi.

Ya buɗe ƙyallen ya miƙa mata da hannu biyu. Ruwan ƙasa ne, ɗinki ya zagaye tudun layi-layi kamar kunyoyin gona in an hango su daga nesa. Ba ta kalli kyansa ba. Ta matsa nesa da inji, ta kai shi hanci, ta shinshina ciki, ta shinshina gefe, ta bi tudun falle-falle. Fata, kaki, barkono. Sannan ta kama sama da ƙasa ta ja iya ƙarfinta. Ta miƙa wa mai aski. Ya matse shi tsakanin gwiwoyi ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, ya murɗa, ya buga da ƙasa.

"Ni na haƙura," ya ce yana haki. "Wannan sai dai a gaje shi."

Ta zauna a bencin masu jira, takalmin a cinyarta.

"Baba, ka daina?"

Ya daɗe yana goga kaki a zare.

"Yau ban yi ba. Jiya ban yi ba. Tun ranar da kika gan ni a kan taya ban yi ba. Gobe kuwa ban je ba tukuna."

"Har yanzu kana sonsa?"

"Ina so. In mai faci ya wuce ta nan, kafin in gan shi na san shi ne. Amma Laraba ba ta wuce ni, kuma hannuna ba ya samun sarari."

"Da ka ce ba ka so, da na tashi," in ji ta.

Ta kwance igiyar takalmin asibiti ta zare ƙafar hagu. Ƙarama ce, siririya, mai ɗan lanƙwasa, wadda ya sani tun ba ta cika tafin hannunsa ba. Bai taɓa ta ba. Ita ta saka da kanta, ta ɗaure, ta miƙe. Ta taka zuwa wurin inji ta juyo. Ta taka zuwa bakin kwata, ta ɗaga ƙafar dama, ta tsaya a kan hagu ita kaɗai. Mai inji ta kashe inji don ta gani da kyau. Ƙurar barkono ta riƙa sauka a hankali cikin hasken rana, ja-ja, babu mai motsi.

Malama ta dawo ta tsaya a gabansa, ta kalli ƙasa. Ƙafar hagu ruwan ƙasa, ƙafar dama baƙa.

"Baba."

"Na'am, Uwata. Ya matse?"

"Bai matse ba. Ina ɗan'uwansa?"

Basilla ya kalli akwati. Ya kalli ƙyalle. Ya ɗaga ƙyallen ya girgiza, ko Allah zai sa. Wata da watanni yana huda yana ja, ko sau ɗaya bai tuna 'yarsa tana da ƙafar dama ba.

Mai aski ya buɗe baki, mai inji ta harare shi, ya rufe.

"Haka zan shiga aji?" in ji Malama. "Yara su ce a duhu na shirya?"

Ta zauna. Ta jawo wani kwali da ke jingine da akwati, ta shimfiɗa a ƙasa, ta cire baƙin takalmin, ta ɗora ƙafar dama a kai.

"Auna. Amma ka yi sauri, Litinin nake so."

"Ɗinki ne, Uwata," ya ce, yana laluben fensir cikin akwati. "Ba ya sauri."

"To Litinin ta sama."

Ya durƙusa a gabanta, ya riƙe idon sawun da hannun hagu don kada ta motsa, ya ɗora fensir a bayan dunduniya ya fara zagayawa. Ya kai wajen ƙaramin yatsa sai atishawa ta taso masa. Ya riƙe ta, ido yana hawaye, sai da layin ya haɗu.